Tsakuwa Shida a Gwangwanin Madara

Surukata ce ke rubuta wannan, matar autana, don ni biro ba ya zama a hannuna. Jaririnta na kan cinyarta, in kun ga layi ya karkace shi ne ya harba ƙafa. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kar ta gyara min magana.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mai Wanki ta rasu ranar Talata, tara ga wata, da hantsi. Matar nan ta ƙarshen layinmu mai wanke wa gidaje kaya. Ko ciwon kai ba ta yi ba. Tana shanya, ta ɗaga hannu za ta rataya zanen gado, sai ta zauna a ƙasa. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Da aka zo aka faɗa min na ce ƙarya ne, yanzun nan ta fita daga gidan nan, ga sawun takalminta a ƙofar ɗaki ko bushewa bai yi ba. Yau kwana uku, har yanzu in aka taɓa ƙofa sai na ɗaga kai.

Ke Mai Wanki, haka ake yi? Mutum ya ce sai an jima, ya tafi ke nan?

Ba zan ce ba ki da laifi ba. Kina da baki. Kin taɓa ƙona min mayafi da dutsen guga, kika ce dama ya tsufa. Shekara talatin da ɗoriya muna layi ɗaya, ba mu taɓa cika wata ba mu yi cacar baki ba. Amma da mai gidana ya rasu, ke kika kwashe kayansa kika wanke kika ninke, ba wanda ya sa ki. Riga ɗaya kika bari ba ki wanke ba, kika ce in ajiye, wata rana zan nemi ƙanshinsa. Na ce shirme. Tana nan a ƙasan akwati.

To ga abin da ya sa na sa a ɗauko takarda.

Yarinyar nan da ke rubutu, haihuwar fari ce, kuma sai da aka yi mata aiki aka ciro ɗan. Ba ta iya sunkuyawa, ni kuma yatsuna sanyi ya gama da su, sai muka ba ki tsummokaran jaririn kina wankewa. Yaro ya zo shiru-shiru. Ba kuka, ba rigima, barci kawai. Duk wadda ta shigo sai na ce ku zo ku ga angona, mai haƙuri irin na kakansa, ya ƙoshi ya kwanta. A sa shi a nono ya tsotsa sau biyu ya yi barci, ni kuma ina ta washe baki.

Rana ta biyar kika shigo da baho a kai, ko sallamar kirki babu.

Kika ce, “Ina sauran tsummokaran?”

Na ce, “Su ke nan. Yaron mai tsabta ne, ya rage miki aiki.”

Kika ce, “Tun jiya war haka biyu ne jiƙaƙƙu. Biyu! Dubi wannan, fitsarin ja-ja kamar garin bulo. Yaron nan ba ya samun nono.”

Na ce, “Yaron da ba ya kuka? Ni na shayar da bakwai, ke da sabulu za ki koya min?”

Kika ce, “Yaya, naki bakwai ne. Ni na wanke na sun fi ɗari. Abin da ya shiga shi ke fita. Wannan ba haƙuri ba ne, ƙarfin kukan ne babu.”

Ke mai rubutu, rubuta abin da na ce mata, kar ki tsallake. Na ce ta tsaya a kan datti, shi ta sani, ta bar maganar 'ya'yan mutane. A gaban baƙi na faɗa.

Kika tsame hannu daga bahon wanki. Kika wuce ni, kika ɗaga yaron, kika taɓa maɗigarsa ta faɗa ciki, kika buɗe bakinsa a bushe. Kika fita titi da kumfa a hannu kika tare mota da kanki. Ni ina tsaye ina masifa, kika sa uwar da ɗan a ciki kuka bar ni.

A asibiti aka ɗora shi a sikeli. Malamar asibitin ta ce ya rame fiye da yadda ya kamata, jikinsa ya fara bushewa, idonsa ya fara rawaya. Ta ce da an ƙara kwana ɗaya ko biyu, da magana ta canza. Ashe kan nonon kawai yake kamawa, yana tsotso ba ya haɗiya. Kwana uku suka yi. Aka koya wa uwar yadda zai buɗe baki sosai ya kama, ta saurari ƙarar haɗiya, ta tashe shi ya sha in barci ya yi yawa, ta tatsa a ba shi a ɗan kofi. Kuma aka ce a ƙirga jiƙaƙƙun tsummokara, daga safiya zuwa safiya kar su gaza shida, fitsarin fari-fari. Abin da kika faɗa, ba ƙari ba ragi.

Da suka dawo kika kawo gwangwanin madara kika ajiye a taga. Duk tsumman da ya jiƙe, a jefa tsakuwa ɗaya. Kullum da safe ki zo ki zazzage a tafin hannu. Ran da suka kai bakwai kika yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ni ina gefe na ɗaure fuska. Kika ce, “Yaya, angon naki ya fara kuka, ko za mu mayar da shi mai haƙuri?” Na ce ki kama gabanki.

Na san na yi kuskure. Amma na ce bari sikeli ya yi magana tukuna. An ce a mayar da shi awo ranar Alhamis, na ce in ya hau, sai in taka har gidanki in ce Mai Wanki kin fi ni gaskiya. Alhamis na sa a raina. Kika tafi Talata.

Jiya aka auna shi. Ya wuce nauyin da aka haife shi da shi. Muka fito na tsaya a bakin asibiti, ban san wa zan faɗa wa ba.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki, ya wanke ki fes yadda kika wanke wa mutane. Allah ya sa yaron nan ya zama nauyi a mizaninki. 'Yarki da ƙannenki da jikokinki, Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku.

Saura abin da ke kan kowa. Kayan da ta bari a igiya na sa an kwashe an ninke, mai shi ya zo ya ɗauka, kar a dami 'yarta. Autana, igiyar shanyarta da ka ce za ka ɗaure mata tun bara, ka je ka ɗaure, 'yar za ta ci gaba da sana'ar. Matar tela, an ce kin kusa haihuwa, gwangwanin zai dawo gidanki, ni zan zo ƙirga, kuma in ɗanki ya yi shiru da yawa kar ki yi murna. Ke mai rubutu, in yaron nan ya yi wayo ki faɗa masa wadda ta tare mota, ki faɗa masa wadda ta tsaya tana masifa.

Nawa kuma, a karanta wannan takardar a gaban matan da suka ji abin da na ce. Mai Wanki, kin fi ni gaskiya. Na makara da kwana biyu.

Ajiye biron haka nan, duba yaron, ina jin ya jiƙe. Miƙo min tsakuwa.