Kujera Ɗaya Zuwa Aswan

A shekarata ta uku a Alƙahira ɗakinmu ɗaya da wani ɗan Maraɗi, tare muke karatun fiƙihu. Mutumin kirki ne, amma ko ƙwan fitila bai iya canzawa ba. Abin da Allah ya hore masa Faransanci ne da fara'a. Ni kuwa kafin in zo karatu shekara shida na yi ina aikin rewaya a garejin kawuna a Gusau.

Wata Alhamis ya dawo daga unguwar Dokki da labari. Ya haɗu da wani tsoho Bafaranshe da matarsa, suna yawon duniya a wata mota mai gado da kicin da firji a ciki, kuma kullum da safe motar ba ta tashi. Na ɗauki sufana da filaya muka tafi.

Batir biyu ne a motar, ɗaya na inji, ɗaya na firji da fitilun ciki. Tsakaninsu akwai wani ɗan akwati da ke haɗa su idan inji yana aiki, ya raba su idan an kashe. Shi ne ya ƙone ya manne, sai firjin ya riƙa shanye batirin inji. Na je Wustul Balad, can tsakiyar birni, na sayo sabo, na cire kan batiran, na kwanta ƙarƙashin kujera ina ɗaurawa, gumi yana shiga mini ido. Gogan naka kuwa yana waje a inuwa ana zuba masa gahawa, suna ta ƙyaƙyata dariyar da ban san kanta ba. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Wallahi na ji haushinsa.

Washegari motar ta tashi bugu ɗaya. Tsohon ya ce za su gangara Aswan, kujera ɗaya ta rage a motar, ɗayanmu ya bi su ya dawo a jirgin ƙasa. Ni fa tunda na zo ƙasar ban taɓa wuce Giza ba, kuma ba wanda na dama da zancen Aswan kamar abokin ɗakin nan nawa.

Da ya fassara mini, sai na yi abin da aka koya mana a gida, na yi kara. Na ce, "Kai ka je mana, ɗan'uwa, ai kai ka samo su." Jira nake ya ce a'a, ni na sha wahala, in ƙi, ya nace, a karo na uku in amsa.

Ya ce, "Khalas, shi ke nan, na gode. Allah ya bar zumunci."

Kwana tara ina hararar katifarsa a naɗe. Ya dawo da dabino da hotuna, yana ce mini kullum tsohon sai ya yabi aikin. A hoto ɗaya yana zaune a ƙofar motar da magariba, kogi a gefensa, fitilar motar tana ci a saman kansa. Na ce tamam. Dabinon ban taɓa ba, amma fitilar nan na daɗe ina kallonta. Har na bar Masar ban je Aswan ba.