Ranar da Muka Je Hawa Dutsen Kallo

Garinmu yana bakin Jos ne. Idan ka miƙi Titin Bauchi ka wuce jami'a, sai ka yi ta tafiya har gidaje su koma jefi-jefi, to ka iso. Da ke nan. Yanzu gida na bin gida, ba ka sanin inda Jos ta tsaya muka fara.

Asalinsa barikin 'yan kuza ne. Kakana ya zo daga ƙasar Katsina a ƙafa, ya yi leburanci yana ɗaukar ƙasa a kwano, daga baya ya sayi keken ɗinki ya zauna. Manoman acca da ya tarar su suka yanka masa fili. Turawa suka kwashe kuza suka yi gaba, suka bar mana ramuka, ruwan sama ya cika su.

Abin da muke nuna wa baƙo ba shi da yawa. Akwai kududdufin kuza mai koren ruwa, wanda iyayenmu suke rantsuwa ba shi da ƙarshe don kada mu shiga. Amma abin tinƙahonmu shi ne Dutsen Kallo. Daga samansa kana ganin garin kaf, har gonakin kabeji na bayan rafi. Ranar Sallah mu hau da sababbin kaya, ranar Kirsimeti mu sake hawa da 'ya'yan maƙwabta, su kawo shinkafa, mu kuma mu kawo baki. Wandunan da na kashe wajen zamiya a gefensa, Allah kaɗai ya san yawansu.

Da tsufa ya kama Baba, gwiwa ta fara yi masa gardama, sai ya ɗauko wata magana. Yana so in kai shi ya hau dutsen sau ɗaya tare da 'ya'yana biyu, ya nuna musu inda barikin yake da inda mahaifinsa ya kafa bukka.

"Daga ƙasa ba ya nunuwa," in ji shi. "In na tafi kuma babu mai nuna musu. Kai ba ka san komai ba, zamiya ce take kai ka."

Ni kuwa a lokacin gini ya sha mini kai. Kowace Asabar ina kasuwar Katako ina cacar baki da masu katako, in dawo in yi da magini. Ga ni da tsirfa. Tsakuwa ma sai da na zaga tsibi-tsibin da mata suke sayarwa a bakin titi, na ce ni sai mai ruwan toka mai ƙyalli, na sa aka juye mini tifa uku, na yi ta cika baki cewa gidana ko girgizar ƙasa sai dai ta gaishe shi ta wuce. Baba ya tuna mini, in ce bari a zuba fandisho. Ya sake tunawa, in ce bari a rufa kwano. Haka na yi ta ja masa rai har damina biyu. Benaye kuma sun tare wancan gefen garin, ban ma lura na daina hango dutsen ba.

Sati biyu da tarewarmu na ce yau dai za a fita kunya. Muka shiga keke mai ƙafa uku, Baba da sandarsa, yara da gasasshiyar masara. Hanyar da na sani tun ina yawo ba takalmi, sau biyu tana kai mu jikin katangar mutane. Warin ƙonanniyar taya ne ya fara tarbar mu, sannan ƙarar guduma.

Rabin dutsen babu. Saman da muke zama ya tafi gaba ɗaya, abin da ya rage duk baƙin hayaƙi. Ashe wuta suke hura masa da tsofaffin tayoyi har ya tsage, maza su ɓamɓaro, mata su zauna a ƙasa suna farfasawa. Raina ya ɓaci. Na diro daga keke na fara sababi, wa ya ba su izini, ba su san tarihin garin nan suke daddatsawa ba?

Wata mata mai tsohuwar rigar sanyi ta ajiye gudumarta, ta kare rana da hannu ta dube ni.

"Ah, oga! Ba ka gane ni ba? Ni ne ya sayar maka tsakuwa a bakin titi. Kai ne mai cewa sai wanda yana ƙyalli."

Na ce, "Daga nan kuke kaiwa?"

"Daga ina kuma? Na saman ma ka samu, shi ya fi kyau. Yaya gidan?"

Yarana suka daina cin masara suka zuba mini ido. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Baba ya daɗe yana kallon inda saman yake a da, sannan ya gaida matan, ya yi musu sannu da aiki.

"Mu koma," in ji shi. "Ka shimfiɗa mini tabarma a falonka. Tunda ka kai dutsen gida, sai mu hau shi a can."

Yara suka tuntsire da dariya, har da mai keke. Muna isa ya zauna a tsakiyar falon, ya jawo jikokinsa kusa, ya bubbuga simintin da tafin hannu.

"To, barikin yana ta can," ya ce, ya ɗaga sanda ya nuna taga.

Suka ruga suka yaye labule. Babu abin da ake gani daga nan sai katangar maƙwabcina.