Zaren da Na Rataye Naman Layya

Abin ya faru ne a babbar sallar da ta biyo bayan rufe ramin haƙar yuraniyom na Akokan, lokacin da rabin kartiyenmu, wato unguwarmu, suka ɗaure kaya suka koma garuruwansu. In ba ku riƙe wannan ba, to shekara ɗaya ce bayan waccan da aka hana mutane haɗa sahu a masallaci saboda cutar da ta zagaye duniya. Ni dai ba da waɗannan nake tuna ta ba. A wurina ita ce layyar farko da na yi babu mai gidana, don ya rasu da sanyin da ya gabace ta, bayan ya sha tari wata bakwai.

Ni mutuniyar Adar ce. An kawo ni Arlit ina amarya tun garin bai san kansa ba. Ban shiga lakwal ba, makarantar boko ke nan, ban kuma taɓa jin kunyar haka ba, don abin da ake zuwa nema a bakina babu shi a takarda. Akuya ta kumbura, ni ake kira. Tunkiya ta kasa haihuwa, hannuna ne ke shiga. Na sha tsayawa kan mahauta suna fiddo leda dunƙule guda daga tumbin akuya, in ce musu ai tun sati biyu na gaya wa mai ita. Na faɗi wannan ne don ku san wadda ta yi abin da zan ba ku labari ba baƙuwar dabba ba ce.

Labarin na wata kyanwa ne, ta mai gidana ce. Direban kamyo ne, babbar motar ɗaukar kaya, ya tsinto ta a Cirozerin tana 'yar mitsitsiya, ya kawo ta gida cikin hularsa. Baƙa ƙirin ta zo saboda ƙurar gawayi, da na goge ta da tsumma sai ta fito fara, kunne ɗaya ne kawai baƙin nata na gaskiya. Na ce ba a gidana ba. Ya ce to, gobe zai mayar da ita. Goben nan ta kai shekara tara. Da ya kwanta ciwo a ƙafafunsa take wuni. Da aka yi sadakar arba'in kowa ya watse, ɗana ya koma haƙar zinariya a Cibarakaten, 'yata ta koma ɗakinta a Maradi, aka bar ni da ita. In kamyo ya tsaya a bakin titi, mu biyu ne muke ɗaga kai. Da ita nake magana in na idar da sallah, ita nake yi wa faɗa in tuwo ya yi mini yawa.

Da sallah ta zo ɗana ya sa aka kawo mini rago. Kullum, kwana biyu kafin layya, mai gidana ke zama ya tufka igiyar kaba da za a rataye nama. Aikinsa ne tun aurenmu, ni ban taɓa sa shi a raina ba. Sai da aka feɗe rago, na yanyanka nama sili-sili ya cika kwano, sannan na ɗaga ido na ga babu igiya, babu kuma mai tufka ta. Na zauna na ɗan jima. Daga nan na jawo buhun shinkafa da ya ƙare, irin na roba, na warware zarensa. Fari ne, siriri, ga ƙarfi. Na zura shi a basilla na dinga soke naman ina jerawa, na ɗaure daga ginshiƙin rumfa zuwa ƙarfen taga. Har na yaba wa kaina dabara.

Zafin Arlit ba ya wasa da nama. Kwana uku ya bushe ƙayau. Na zare shi na zuba a tukunya, zarurrukan kuwa, sun sha kitse sun yi jawur, na dunƙule su na jefa bayan randa, da niyyar in sa su a wuta in na hura. Ban sa ba.

Washegari da hantsi kyanwar ta yi amai a tsakar gida. Na yi mata dariya, na ce ai mai kwaɗayi ba ya sallah lafiya. Da la'asar ta sake, wannan karo babu abinci a ciki, kumfa ce rawaya. Na gutsuro mata soyayyar hanta, abin da a da sai ta taka mini ƙafa tana kuka kafin in miƙa. Ta shinshina ta kau da kai.

Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga. Buzuwa ce daga Dannet, a cikin awaki ta tashi, mun yi shekara ashirin muna tsokanar juna. Hausarta har yau ba ta raba mace da namiji ba. Ta tsaya tana kallon kyanwar, wadda ta duƙa a gindin bango ta naɗe ƙafafu ƙarƙashinta, bayanta a tanƙware, tana sa hannu tana shafar baki kamar mai son cire ƙaya.

Ta ce, “Ba'adara, kyanwa naki ba ƙoshi ne ba. Buɗa bakinshi ki duba.”

Na ce, “Ke da ba ki san kyanwa mace ce ba, ke za ki koya mini ciwonta?”

Ta yi dariya ta ce ko ɗan akuya in yana dalalar da miyau haka, baki ake fara dubawa. Na ce akuya daban, kyanwa daban. Akuya wawuya ce, har takarda ci take yi, amma kyanwa sai ta shinshina abu sau uku kafin ta lasa, ba ta haɗiyar abin da ba abinci ba. Na faɗi haka da ƙarfin zuciya. Ban tuna cewa zaren da ya kwana uku cikin kitsen rago, a hancin kyanwa nama ne ba.

Kwana na biyu ta daina zuwa in na kira. Na same ta ƙarƙashin gado, can ƙurya, inda ba ta taɓa shiga ba. Takan fito ta je gaban kwanon ruwa ta zauna tana kallonsa. In ta lasa sau biyu sai ta amayar da shi. Na gan ta ta je kan yashin da take bayan gida, ta tona, ta tsuguna, ta yi ta nishi, babu abin da ya fito. Da na kai hannu cikinta in taɓa, ta yi wani irin kuka ta cije ni a yatsa. Shekara tara ba ta taɓa sa mini haƙori ba.

A nan ne na yi babban kuskuren. Mu mutanen garin nan muna da amsa ɗaya ga kowane ciwo. Mutum ya rame, a ce ƙurar ce. Yaro ya yi tari, a ce ruwan ne. Ba na cewa ƙarya ne, mun binne mutane da yawa, likitoci su suka san gaskiyarsa. Amma amsar ta zame mana kamar tabarma, da abu ya taso sai mu shimfiɗa ta mu zauna a kai. Na dubi kyanwar nan ta ƙi abinci, idonta ya faɗa, ta nemi duhu, sai na ga mai gidana a watansa na ƙarshe. Na ce wa maƙwabciyata ai na gane, ciwon gari ne, iskar da ya shaƙa ita ta shaƙa, kuma a ƙafafunsa ta wuni wata bakwai. Bin sa za ta yi. Ta ce mai gidana tari ya yi, wannan amai yake yi. Na ce kowa da ƙofar da ciwo ke shigar masa. Ta bar gardamar, don an ambaci mamaci.

Duk da haka ban naɗe hannu ba, na yi wa kyanwar abin da nake yi wa akuya mai kumburi. Na jiƙa kanwa, na narka man shanu, na naɗe ta a zane na ɗura mata ta gefen baki. Da ma a lokacin na buɗe bakin gaba ɗaya. Ban buɗe ba, ta gefe na ɗura. Ta amayar da shi duka, ta kwanta tana haki, tana kallona.

Kwana na huɗu da safe ta fito da kyar ta nufi yashi. Gashinta ya tashi, ƙashin bayanta ya fito. Na tsunkuli fatar wuyanta na saki, ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Da ta juya sai na hangi wani abu fari ƙarƙashin wutsiyarta, tsawon ɗan yatsa. Na ɗauka tsutsa ce. Na duƙa, na ga zaren buhuna ne.

Wallahi daɗi na ji. Na ce ashe ga ɓarawon, yau zan fitar da shi. Na danne ta da gwiwa, na naɗe zaren a yatsa na ja. Ya biyo kaɗan ya tsaya. Na ƙara ja. Kukan da ta yi ban taɓa jin irinsa daga bakin dabba ba, kuma na ji kukan dabbobi da yawa. Shi ya kawo maƙwabciyata da gudu babu mayafi. Ta riƙe mini wuyan hannu ta ce, “Saki. Abin da ya ƙi fitowa, a ciki yana riƙe da wani abu.” Na saki.

Muka sa kyanwar a kwali muka tafi gidan likitan dabbobi, can kusa da kasuwar awaki. Mutum ne mai furfura kaɗan, aikinsa allurar raƙuma da awaki. Mazan da ke jiran layi suka ga tsofaffi biyu da kyanwa a kwali, ɗaya ya ce ko ita ma za a yi mata takardar fita da ita Aljeriya ne. 

Likitan ya tambayi kwana nawa tana amai, ko ta yi bayan gida, ko akwai zare ko igiya a gidan. Na amsa duka. Ya buɗe bakinta sosai, ya sa yatsa ya ɗaga harshen, ya ce in matso. Ga zaren nan ya zagaye gindin harshen, ya nutse cikin nama. Abin da maƙwabciyata ta ce in duba tun ranar farko ke nan, kuma ba ya buƙatar ilimi, yatsa ɗaya ne.

Ya ce, “Inna, kin san yadda bakin wando ke tattarewa a jikin zariya? Haka hanjinta ya yi. Kai ɗaya ya maƙale a nan, sauran ya bi ciki, hanji yana ta ƙoƙarin tura shi yana tattarewa, zaren yana yanka shi.”

Na ce na ja shi ɗazu.

Ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Ya ce ba ni kaɗai ba ce, kowa hannunsa ja yake fara yi. Ya ce da an kawo ta ranar farko ko ta biyu, da ya datse zaren a gindin harshe, wataƙila ya wuce da kansa, wataƙila kuma sai an yi aiki. Yanzu cikin ya kumbura ya yi zafi, alamar hanjin ya huje. Sai an tsaga ta an ɗinke, shi kuwa ba shi da kayan wannan aiki. Ko an kama hanyar Agadas a ranar, yadda hanyar ta lalace, bai ga za ta kai ba. Ya datse zaren, ya yi mata allurar rage zafi, ya sa mata ruwa ƙarƙashin fata. Ya ce in kai ta inuwa, kada in ƙara ɗura mata komai.

A hanyar komowa maƙwabciyata ba ta ce ai na gaya miki ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi, da na sami abin yin faɗa a kai. Ita ta ɗauki kwalin har gida.

Na shimfiɗa wa kyanwar zane a ƙarƙashin rumfa na zauna kusa da ita. Na jiƙa yatsa ina shafa mata a baki. Na gaya mata ba ƙurar gari ba ce, ba ruwa ba ne, ni ce, da zaren da na jefa bayan randa da bakin da na ƙi buɗewa. Ta kai washegari. Da hantsi, rana ta fara taɓa gefen zanen, na tashi in ja ta cikin inuwa, na ji ta yi nauyi.

Mu biyu muka haƙa rami a bayan gida da tsohuwar galma. Na leƙa bayan randa na kwaso sauran zarurrukan, na ga biyu babu. Na ƙone su a ranar. Tukunyar naman kuwa na miƙa wa maƙwabciyata ta katanga, don na san ba zai wuce mini maƙogwaro ba. Da ɗana ya kira a waya na gaya masa, ya ce, “Inna, kyanwa ce fa, zan sa a kawo miki wata.” Na ce kada ya sa. Ranar da aka fita da ubansa ban yi kuka a gaban mutane ba, an yi ta yaba haƙurina. Ranar nan na rufe ƙofa na yi har aka kira azahar.

Har yanzu ana kirana in akuya ta kumbura, ina kuma zuwa. Amma in mace ta ce mini kyanwarta na amai ta ƙi abinci tana ɓuya, ba na bari ta gama, nakan ce ta ɗaga harshen ta duba, ta tafi wurin likita a ranar, kuma in ta ga zare kada ta ja.

Cikin waɗanda suka san wannan, likitan na ji an mayar da shi wani gari, yana nan da ransa. Ɗana na Cibarakaten, 'yata na Maradi da 'ya'ya biyar. Maƙwabciyata ta rasu bara da azumi, 'yan'uwanta suka zo daga Dannet suka kwashe awakinta. A layinmu, cikin waɗanda suka ga ranar da aka shigo da kyanwar nan cikin hula, ni kaɗai na rage.