Gwiwar Silvanus Ta Tona Asiri

A Kafanchan, in ka ce Silvanus Gola, kowane ɗan acaɓa zai kai ka ƙofar gidansa. Shekara ashirin ya yi yana tsare wa ƙungiyar ƙwallon unguwarsu raga, ga shi gajere, amma in ya yi tsalle sai ka rantse ba shi ba ne. Da ya cika hamsin, matarsa Edna ta sa shi ya yi alkawari a gaban fasto cewa ya bar ƙwallo. Ya yi, har da ɗaga hannu. Tun daga nan, duk Asabar sai ya saɓi fartanya ya nufi gonar citta, wadda, ikon Allah, take jikin filin makaranta.

Bara gwiwarsa ta dama ta soma ciwo. Ya ce noma ne. An ɗauki hoto a gari ba a ga komai ba, sai aka tura su wani babban asibiti a Abuja. Can aka yi masa allurar wani magani da ke taruwa a inda ƙashi ya ji rauni, aka ce ya yi ta shan ruwa har awa uku, sannan na'ura ta bi jikinsa a hankali. Silvanus bai ji tsoron na'urar ba. Edna da ke zaune a waje yake tsoro.

Likita ta nuna musu wani baƙin ɗigo a ƙasan gwiwar. "Baba, ƙashin ya ɗan tsage. Irin wannan ta masu yawan tsalle ce. Kuna wasa ne?"

Silvanus ya tsura wa silifas ɗinsa ido. Kunya ta kama shi, da fargabar ya ɓata ran matar da bai taɓa son ɓata wa rai ba.

"Yana yi," in ji Edna. "Kowace Asabar."

Likita ta ce wata biyu ba gudu ba tsalle, kuma zai warke sarai.

A mota ya daure ya tambaya, "Maman Tamar, tun yaushe kin sani?"

Ta buɗe jaka ta ɗora masa tsohuwar safar hannunsa ta tsaron raga a cinya, wadda yake ɓoyewa a buhun taki. "Shekara huɗu tana yagewa tana gyaruwa. Kana tsammani mala'ika ne yake ɗinka maka?"

Ya juya safar. Duk yatsun, zarenta ne shuɗi, irin na rigar zumuntar matan coci.