Layin da Na Tsaya a Filin Tarauni

Har yau idan na biyo ta gaban shagunan nan na Tarauni, inda ake sayar da fenti da kayan famfo, ƙafata takan gane wurin kafin idona. Daidai ƙofar mai fenti, a nan ragar ƙwallo ta gabas take. Inda mai shayi yake kafa teburinsa kuwa, a nan na gurɗe gwiwa ina saurayi, na bar buga ƙwallo ba don ina so ba. Filinmu ne a da. Ina cikin waɗanda suka bayar da shi, kuma ba zan ce ban san abin da nake yi ba.

Wanda yake riƙe da filin wani dattijo ne da kowa ke ce wa Koci, tsohon masinja a wata ma'aikatar gwamnati. Shi ya roƙi ƙaramar hukuma ta ba mu takardar izinin wasa a wurin, shi ya cire ƙaya da fasassun kwalabe da hannunsa. Duk ranar wasa zai tura baro har Unguwa Uku, ya ɗebo toka a gidan burodi, ya zo ya shata layi da ita. Yana da wata igiya mai ƙulli-ƙulli da yake awo, ba ya yarda kowa ya taɓa masa. Masifaffe ne, ba na ɓoyewa. Idan ka tako masa layi kafin a hura usur, har kakanka sai ya ambata. Amma ran da na ji ciwo, shi ya ɗora ni a kekensa ya tura ni har gidan mai ɗori a Gyadi-Gyadi, ya kuma tsaya ya riƙe ni ina ihu. Da na warke ya ce, "Tunda ƙafa ta ƙi, hannu ya yi aiki." Haka na zama sakataren kwamitin kulob-kulob ɗinmu, ni da nake malamin firamare mai kyan rubutu.

Shekarar da sojoji ke shirin komawa bariki, abu biyu suka haɗu suka ɗauke mana hankali. Na farko siyasa, ko'ina fosta, ko'ina maganar zaɓe. Na biyu, aka ce za a kawo babbar gasar matasa ta ƙasashen duniya, kuma Kano na cikin garuruwan da za a buga. Mu da sai a talabijin muke ganin irin wannan, ga shi za a kawo mana har gida.

A wannan tsakanin ne wani Alhaji ɗan kwangila ya fara zuwa kallon wasanmu. Ban taɓa ganin ya shuri ƙwallo ba, ko ta lemon tsami. Zai ajiye mota a bakin fili, a fito masa da kujera, a tashi ya raba wa 'yan wasa lemo mai sanyi. Bayan sati biyu sai ya fara magana. Ya ce baƙin da za su zo suna bukatar filayen atisaye, ya san mutanen da ke zaɓar filayen, yana cin abinci da su. Idan aka gyara namu aka shuka ciyawa, wata ƙasa za ta zo ta yi atisaye a Tarauni. Matsala ɗaya, in ji shi, manya ba sa zama da masinja. Sai a sake shugaba.

Koci shekara da shekaru yana shugabanci ba wanda ya zaɓe shi, ba kuma wanda ya ce ya sauka. Sai ga mu muna ta faɗar kalmomin da muka tsinta a rediyo: wa'adi, canji, sabon jini. Ni na fi kowa iya su, ai malami ne.

Wata ranar Laraba bayan an tashi daga makaranta Alhaji ya aiko a kira ni ofishinsa. Bai ba ni ko kwabo ba, wannan nakan faɗa wa kaina idan abin ya dame ni, kamar wani abin kirki ne. Aljihun tebur ya jawo ya fito da wani kati da aka manne da leda, mai igiyar ratayawa a wuya.

"Malam, ka san wannan?"

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe."

"Mai wannan ba ya bin layin tikiti. Duk wasan da za a buga a garin nan, ƙofar manya zai bi, ya zauna a inuwa. Hotonka kawai nake bukata. Kai mai ilimi ne, ba sai na yi maka dogon bayani ba."

Lallai bai yi ba. Washegari da kaina na je na ɗauki hoto, har da sa hular Sallah.

Wakilai goma sha ɗaya ne ke zaɓe, na kowane kulob ɗaya, sai ni. Na san Alhaji ya zagaya wajen wakilai a Darmanawa da Unguwar Gano, wasu an yi musu alƙawarin rigunan wasa, wasu irin katina. Don haka a taron share fage na miƙe na kawo shawara a yi ƙuri'ar asiri, kowa ya rubuta a takarda ya jefa a kwali. Na ce haka ƙasashen da suka ci gaba suke yi. Gaskiyar magana ita ce ba na so a ga hannuna.

Koci ya yi dariya. Ya ce, "Haba Malam, mu da muka san juna? Wane asiri ne tsakanina da yaran da na koya wa ɗaure takalmi? A yi ƙato bayan ƙato kawai, kowa ya tsaya bayan wanda yake so, a ƙirga, a je a yi la'asar."

Ba dabara ya yi ba. Da dabara ce da na ji sauƙi. Shi dai bai taɓa kawowa a ransa akwai abin ɓoyewa ba.

Ran Asabar aka yi, a tsakiyar fili, rana tana dukan ƙeya. Koci ya shata layi biyu da tokarsa, ya tsaya a kan ɗaya, Alhaji a kan ɗaya, dukansu sun ba mu baya suna fuskantar ragar gabas. Haka tsarin yake, ɗan takara ba ya waiwaye sai an gama jeruwa. Wakilin kulob ɗin makanikai, wani Inyamuri da aka haifa a Kano, shi ya fara tafiya ya tsaya bayan Koci, yana cewa da ƙarfi, "Ni dai Baba na sani." Mutum uku suka bi shi. Saura suka zarce ɗaya layin, kowa kansa a ƙasa kamar masu neman allura.

Na tsaya riƙe da littafin taro. Ko da na bi Koci ba zai ci ba, lissafin ya riga ya fito. Wato ƙuri'ata ba ta da amfani ga Alhaji, ga dattijon nan kaɗai take da amfani. Na san haka sarai. Amma katin yana aljihun rigata, ina jin gefensa yana taɓa ƙirjina, direban Alhaji kuma yana kallona daga jikin mota. Na tafi na tsaya a ƙarshen dogon layin.

Aka ce su waiwayo. Koci ya juyo yana murmushi, ya dubi mutum huɗun da ke bayansa, ya leƙa ko akwai wasu. Sannan ya bi ɗaya layin da ido, ɗaya bayan ɗaya, har ya iso kaina. Bai yi masifa ba. Mutumin da ke zagin kakan wanda ya tako masa toka, ran nan ko zagi ɗaya bai yi ba. Ya naɗe igiyarsa, ya ce da ni, "Malam, sai ka rubuta." Na rubuta, da kyakkyawan rubutun nan nawa. Kunya ta kama ni.

Takardar izinin filin tana cikin fayil ɗin da ke hannuna, ni na kai wa sabon shugaba. Cikin sati aka kewaye fili da langa-langa, wai za a fara gyara. Tifa ta juye yashi sau biyu. Aka ce masu duba filaye za su zo daga ƙasar waje, muka sa fararen kaya muka jira tun hantsi har azahar, ba wanda ya zo. Daga baya wani da ke aiki da masu shirya gasar ya gaya mini sunan filinmu bai taɓa shiga kowace takarda ba.

Katin kuwa ya yi aiki, wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Da na jabu ne da na ce an cuce ni, na shiga sahun waɗanda aka zalunta. Ina! Na bi ƙofar manya, na zauna a inuwa, na ga ciyawa shar kamar darduma, na ga yara daga ƙasashen da sai a taswira nake nuna wa ɗalibaina. Na yi ihu, na yi tafi. Aka gama gasa, baƙi suka tafi, farar hula suka karɓi mulki, langa-langa tana nan. Da damina ta wuce sai muka ga ana sauke bulo. Alhaji ya samu muƙami a jam'iyya, bai sake kiran taro ba. Kulob huɗu suka mutu a shekarar, sauran suka koma rabe-rabe a filayen makarantu.

Koci bai daina gaisawa da ni ba. Bikin sunan 'ya'yana duk ya halarta. Ni ne dai idan na hango shi nakan tuna ina da uzuri a wani lungun.

Shekaru da yawa bayan haka, wata safiya ina zaune a teburin mai shayin nan, rediyo ta kawo labarin manyan da ke juya ƙwallon duniya. Ana zargin wasunsu da sayar da ƙuri'a wajen zaɓen ƙasar da za ta karɓi gasa, ana ta kiran a sake shugabanni. Teburi ya kaure. Wani ya ce ɓarayi ne masu kwat, wani ya ce Allah ya isa. Ni ma na buɗe baki zan sa nawa, don na iya irin wannan magana, sai na ga Koci a ƙarshen benci. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ɗaya ya yi fari, yana tsoma burodi a shayi a hankali. Na rufe bakina.

Da mutane suka ragu ya matso kusa da ni. Na ce a raina yau dai za a yi ta, kuma wallahi so nake a yi. Na shirya ya zage ni, ya haɗa da kakana, in samu in ce masa ya yafe mini.

Ya ce, "Malam, akwai abin da na daɗe ina so in tambaye ka."

"Ina ji, Baba."

"Wasannin nan da aka yi a garin nan. Ni ban samu shiga ba, a rediyo na ji. Layin filin, da me suka shata shi? Na ji an ce ba toka ba ce."

Na ce, "Fenti ne, Baba. Wani ɗan keke ake turawa."

"Ya miƙe sosai?"

"Ya miƙe."

Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana kallon ƙofar mai fenti, inda ragar gabas take a da. Sannan ya ce, "To madalla. Gara da ɗayanmu ya gani."

Ya shanye shayinsa ya dogara sanda ya tafi. Ban roƙi gafarar ba. Bai kai azumin shekarar ba.