Makon da Eltjo Ya Tumɓuke Masai

Shekara arba'in da ɗaya Eltjo Bulthuis yana zaune a gidan da ke jikin nawa a garin Veendam, ko labule bai taɓa sauyawa ba. Tsohon ma'aikacin masana'antar sitaci ne, mutumin da yake wanke ledar burodi ya shanya. Shi ya sa ranar da mota ta sauke sabon masai na tangaran a ƙofarsa, na ɗauka direban ɓatan hanya ya yi.

Matarsa Fenna ta ce mini ita ma ba ta gane ba, tsohon masai ɗin lafiyarsa ƙalau, ba tsagewa ba yoyo. Irin namu ne na da, mai ɗan tudu a ciki, inda abin da mutum ya yi yake tsayawa a fili ya duba lafiyar cikinsa kafin ya kora ruwa. Haka iyayenmu suka koya mana. Sabon kuwa rami ne kai tsaye, komai ya faɗa ruwa ya ɓace. Da ta tambayi dalili, ya ce tsohon yana cin ruwa. Ni ya ce mini ciwon gwiwa. 'Yarsa kuma, a waya, ya ce mata wari.

Da kansa ya tumɓuke tsohon. Sai ga bututun yumɓu a ƙasa, ya girme mu duka, yana taɓa shi da guduma ya ruguje. Ƙarƙashinsa baki uku ne, kowanne ya nufi wani waje, saiwar bishiya ta cika ɗaya. Muka zuba bokitin ruwa muka ruga titi muka ɗaga murfin kwata, ba ko ɗigo. Muka zuba madara don mu gane ta, sai ta ɓullo a lambun wata maƙwabciya, gida biyu gaba da mu. Mai gyaran famfo ya zo, ya leƙa, ya sosa ƙeya, ya ce sai an fasa daɓen gidan, kuma ba shi da lokaci sai bayan kwana goma.

Na ba su makullina don su riƙa shiga ban ɗakina. Fenna tana shigowa abinta, har mu sha kofi. Eltjo kuwa kullum sai ya hau keke ya tafi ban ɗakin babban kanti, tafiyar minti ashirin, shi da ya ce gwiwa. Na rasa gane kansa. Har na fara tunanin ko na yi masa wani laifi ne.

Safiya ta huɗu aka tashi da ruwan sama, cikinsa kuma ya matsa masa, ya shigo. Masaina irin tsohon nasa ne, tankin ruwan kuma sai an ja sau biyu kafin ya kore komai. Bayan ya fita na shiga, na ga jini a kan tudun, mai duhu, ba kaɗan ba.

Na same shi durƙushe a bakin raminsa.

"Eltjo, tun yaushe?"

"Tun yaushe me? Miƙo mini sufana."

"Nawa sai an ja sau biyu."

Ya kalli bakunan nan uku. "Tun watan Maris," ya ce. "Kai dai tsohon banza ne, maƙwabci. Mutum ya shiga ban ɗakinka sai ka bi shi da tocila."

Na tambaye shi ko ya zaci in ya daina gani abin zai daina zuwa. Ya ce bai san abin da ya zata ba, shi dai ya gaji da fara kowace safiya da dubawa. Yana magana ne na tuna cewa shi ya haɗa mini tankin nan da hannunsa, ya fi ni sanin halinsa. Har yau ban sani ba ko mantawa ya yi, ko so yake wani ya gani tunda bakinsa ya kasa faɗa. Ina zaton shi ma bai sani ba.

Fenna ta kira mu shan kofi. Na ce masa ko ya gaya mata kafin kofin ya huce, ko ni in gaya mata. Ya wanke hannu kamar ba zai gama ba. Da muka zauna ya juya cokali, ya sake juyawa, sannan ya tambaye ta ko tana da lambar likita.

Ba ta ɗago ba. "Ni nake wanke maka wanduna, Eltjo. Sati uku ke nan na karɓar maka rana, ina jira in ga iya inda za ka kai."

Na dube ta, matar da ta ce mini ba ta gane ba. Ta tura mini biskit ɗaya, ta ce ranar Alhamis ce ƙarfe tara, kuma ni zan kai su a motata, don in aka bar shi da keke kanti zai wuce.