Ranar da Goggo Ta Daina Jin Warin Safa

Ban taɓa ganin wanda ya san mu kamar Goggo ba, har da iyayen da suka haife mu. Ba goggon kowa ba ce a cikinmu. Mai wankin kayan kulob ɗinmu ce, amma duk 'yar ƙwallon da ta shigo ƙungiyar da Goggo take kiranta, har koci da furfurarsa haka yake ce mata. Shekara goma sha tara tana wanke jesi da safa na 'yan matan da ke gudu a rana. Kafin nan gola ce, an ce ta iya sosai, sai gwiwarta ta dama ta ce ta gaji, ta ajiye safar hannu ta ɗauki bokiti. Gajera ce kakkaura, tana ɗan ɗingishi, tafin hannunta duk sabulu ya cinye shi.

Hancinta ne abin tsoro. Ki cire lamba daga riga, ki cusa ta cikin riguna ashirin, Goggo za ta ɗaga ta sau ɗaya ta ce ta wance ce. Ta san wadda ta sha taba a ɓoye, ta san wadda ta shafa man zafi tana rufa ciwo. Ni ce kyaftin, Barkono suke kirana, kuma ban ce sun yi mini sharri ba. Goggo takan ce, "Safarki dai, Barkono, ko ƙuda sai ya yi shawara kafin ya sauka." Amma asirinmu a wurinta yake kwana. Sau uku tana ɗaure mini idon sawu a ɗakin wanki, ta ja safa ta rufe, in shiga fili likita ba ta sani ba. Haka sana'ar nan take. Ciwo ɓoye shi ake yi, don wadda ta ce wayyo benci za ta ɗumama, wata ta gaje gurbinta.

Saura wasa biyar kakar ta ƙare wata annoba ta shigo, aka rufe gasa. Wata huɗu muka yi a gida, kowa na zagaye tsakar gidansu kamar akuya a turke. Daga baya hukumar gasa ta ce a ƙarasa, amma a killace. Aka kwashe ƙungiyoyi gaba ɗaya aka zuba a ɗakunan kwanan wata makaranta da aka rufe, kowace da benenta, ba 'yan kallo, ba fita, wadda ta fita kuma ba ta dawowa. Aka kafa doka: ƙungiyar da ba ta kawo 'yan wasa goma sha uku masu lafiya ba ranar wasa, an cinye ta ke nan ba tare da an taɓa ƙwallo ba.

Mu goma sha bakwai muka shiga. Biyu gwiwa ta kwantar da su, ɗaya ta karye a kafaɗa, ɗaya mahaifinta ya rasu ta tafi. Muka zama goma sha uku cif, ba ragi. Wasan ƙarshe ranar Lahadi, kunnen doki kawai muke nema mu tsira daga faɗawa rukuni na ƙasa. Mai kulob kuwa bai yi mana rufa-rufa ba, ta waya ya ce in muka faɗi zai rufe ƙungiyar mata, ya ci gaba da ta maza. Ni shekarata talatin da uku. Babu kulob ɗin da zai ɗauke ni, na sani, kowa ya sani.

A killacen nan likita ta shirya wa Goggo aikinta yadda ba za ta haɗu da mu ba. Kowa ta ajiye kwandon kaya a bakin ƙofarta, in mun tafi atisaye Goggo ta hau ta kwashe, kafin mu dawo ta jera wankakku a ninke. Ɗakin wankin yana can ƙasa a ƙarshen baranda, nan take cin abinci, kusa da shi take kwana. Mako biyar sai dai mu hango ta wajen igiyar shanya tana ɗaga mana hannu.

Ranar Talata bayan atisayen safe ta kira ni a waya.

"Barkono, ki zo bayan ɗakin wanki, ki tsaya ta taga. Kada ki shigo."

Na je. Ta taga na gan ta zaune kan bokitin da ta kife, da safa ɗaya a hannu, tawa ce ma. Injinan wanki biyu na ta rugugi, ba na jin abin da take faɗa sai motsin takunkumin fuskarta. Ni kuwa ban iya jira ba tun ina yarinya. Na zagaya na tura ƙofa na shiga.

"Na ce kada ki shigo."

"To na shigo. Mene ne?"

Ta ja da baya har ta jingina da bango. Ta ɗaga safar ta ce, "Ba na jin warin komai. Tun safe. Na buɗe gwangwanin man zafi na kai hanci, kamar na shinshina ruwa."

Kowa ya san wannan alamar cutar ce. Wataƙila wurin mutumin da ya zo gyaran inji makon da ya wuce ta kwasa, wataƙila wani wuri, Allah kaɗai ya sani. Ta ce za ta kira likita, amma ta ga bai kamata in ji a bakin wani ba.

Abin da na yi a nan shi ne abin da har yau nake cizon yatsa a kai. Na mayar da ƙofa na rufe don kada wani ya ji. Na jawo taga na rufe. Injin ya hana ta jin muryata, ni kuma ba na son ɗaga murya, sai na ja takunkumina ƙasa na matsa kusa da ita.

"Goggo, ki saurare ni. Ma'aikata sai Litinin za a yi muku gwaji, wasa kuma Lahadi ne. Kwana biyar kawai. Ba kya haɗuwa da kowa, ba kya taɓa kowa. A bar kaza cikin gashinta. In kin faɗa yanzu za su yi ta zungurar mana hanci safe da yamma har sai sun samo wata, kin san mu goma sha uku ne."

"Ki mayar da abin nan fuskarki, ki matsa can."

"Sau nawa kika ɗaure mini ƙafa kika yi shiru? Yau ne kika zama mai gaskiya?"

"Idon sawunki naki ne, in ya karye ke zai dama. Wannan ba nawa ba ne ni kaɗai." Sannan ta ce, "Walƙiya tana da asma."

Walƙiya ita ce mai lamba bakwai, wadda duk ƙwallayenmu na bana rabi daga ƙafarta suka fito. Na ce ƙarya ne, da likita ta sani. Goggo ta ce sau uku tana tsintar abin shaƙarta a aljihun wando, tana mayar mata cikin ninkin riga ba ta ce komai ba. Yarinyar ɓoyewa take yi don kada a ajiye ta, kamar yadda muka koya mata. "Ni nake ninke rigar da take sa wa a fuskarta ta share gumi. Ban san ta ina abin nan yake bi ba, ke ma ba ki sani ba. In ya kama ƙirjinta fa?"

Da mai hankali ce ni, da nan na tsaya. Amma na hau. Na roƙe ta, na yi mata kuka, na tuna mata ita ma bokitinta zai tafi in aka rufe kulob. Da duk bai yi ba, sai na ce, "Ke dai tunda taki ƙwallon ta mutu tuntuni, ba ki damu tamu ta bi ta ba."

Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Ta ɗauki wayarta a gabana ta kira likita. Ta gaya mata komai da murya a kwance. Na ji likita ta tambaye ta ko akwai wadda ta kusance ta. Na girgiza mata kai, na haɗa hannu biyu. Goggo ta kawar da fuska ta ce, "Kyaftin tana nan ciki tare da ni. Ta fi rabin awa, ƙofa a rufe."

Kafin azahar an kai Goggo ginin da ake killace masu cutar, gwajinta ya nuna tana ɗauke da ita. Ni aka kulle ni a ɗakina. Likita ta tsaya a baranda nesa da ni, ranta a ɓace, ta ce sauran goma sha biyun ba ta da fargaba sosai a kansu, don tsarin kwandon ya yi aikinsa. Ni ce matsalar. Za a gwada ni Laraba, a sake Asabar. In duka biyun sun fito lafiya zan buga wasa, in ɗaya ya nuna cuta shi ke nan.

Gwajin Laraba ya fito lafiya, 'yan matan suka yi ta buga mini ƙofa suna murna, likita ta ce kada su yi saurin rawa, cutar takan yi kwanaki kafin ta nuna kanta. Daga nan na zama mahaukaciya. Komai na gani sai na shinshina, sabulu, takalmi, ɓawon lemo, labule. In na ji wari in yi hamdala, bayan minti goma in sake. Ina tsalle-tsalle a tsakanin gado da ƙofa don kada jikina ya mutu. Ta taga ina kallon su suna atisaye su goma sha biyu, da yamma kuma su durƙusa a bakin famfo suna wanke jesinsu da kansu, ba su ma iya matsewa ba. Ina jin haushin Goggo kamar in mutu. Ta aiko mini saƙo sau biyu tana tambayar jikina, ban buɗe na biyun ba.

Ranar Asabar na tashi maƙogwarona yana ɗan kaikayi. Na ce fanka ce. Da ma'aikaciyar gwaji ta tambaye ni ko ina jin wani abu, na ce ras nake. Ta zura mini tsinken a hanci ta tafi.

Lahadi wasa ƙarfe huɗu ne, sakamako kuma aka ce ƙarfe goma na safe. Tun tara na sa jesi, na ɗaura ƙyallen kyaftin a dantse, na ɗaure takalmi na zauna bakin gado. Goma ta wuce. Sha ɗaya ta wuce. Ina jin ƙofofi na buɗewa ɗaya bayan ɗaya a baranda, likita na kiran lamba tana cewa lafiya, wata ta yi guɗa, wata ta yi tafi. Na ƙirga goma sha biyu. Sai takunta ya zo ya tsaya nesa da ƙofata, ba ta ƙwanƙwasa ba.

"Kyaftin, kada ki buɗe. Ki haɗa kayanki."

Can na ji wata ta fashe da kuka, na gane muryar Walƙiya ce. Babu wadda ta zage ni. Koci ya ce su shiga ɗakunansu, zai je ya sanar da hukuma.

Da jesin a jikina aka raka ni ginin killacewa, ta bayan filin da ma'aikata ke shafa wa farin layi don wasan da ba za a yi ba. Aka ba ni ɗaki mai gado ɗaya da kujera. Bangon siriri ne, ina zama na ji tari daga ɗaya gefen, mai nauyi, irin wanda ke fitowa daga can ƙasan ƙirji. Da ya lafa sai aka ƙwanƙwasa bangon a hankali.

"Wa aka kawo?"

"Ni ce, Goggo."

"Ke da wa?"

"Ni kaɗai."

Na jira. Ta san abin da hakan ke nufi, ta san an rufe kulob ke nan, ta san da na tsaya ta taga kamar yadda ta ce da yanzu muna shirin shiga fili. Wallahi so nake ta faɗa, ta zage ni tas, ta mayar mini da maganar da na gaya mata, ko na ji sauƙi. Ta sake yin tari mai tsawo, na ji gadonta ya yi ƙara, ta matso jikin bangon.

"Barkono, in numfashi ya fara yi miki wuya ki kwanta rub da ciki, ya fi sauƙi. Kuma ki cire takalmin nan, na san yana ƙafarki."

Yana ƙafata kuwa. Na sunkuya in kwance igiyar, sai na kifa kai a gwiwa na yi ta kuka.